Gwangwanin Litinin

Litinin, 16 ga Yuni, ƙarfe 11:30 na safe

Yau na burge Oga, kuma tunda littafina ne ba zan yi kunyar ƙarya ba, na ji daɗi har cikin raina.

Mu takwas ne a wannan aiki na amsa kiran manoma. Mutum ya bugo daga Giwa ko Soba ya ce tsutsa ta faɗa wa masararsa, mu duba mu gaya masa abin yi. Shekara biyu ke nan da aka rufe ofis aka ce kowa ya yi daga gida. Ni ina nan Malali, wasu Abakpa, wasu Kawo, wasu Mando. Makon jiya Malam Shehu, Oganmu, ya ce mun koma kamar fasinjojin da suka haɗu a mota, ba mai ce wa wani ci kanka. Ya ce da can a bakin famfon alwala ake warware rabin matsalar aiki, yanzu kuwa daga “kun ji ni?” sai “sabis ya ɗauke.” Ya ce a kawo shawara.

Ni na kawo. Gwangwanin madara ne da takardu takwas, kowace da sunan mutum ɗaya. Duk Litinin in girgiza shi a gaban kyamara, in zaro biyu-biyu, waɗanda suka fito tare su kira juna su yi hirar minti goma sha biyar a cikin makon. Doka ɗaya ce, ban da maganar aiki.

Na fito da Nazifi, mai kiwon tattabaru. Umaima ta fito da Ilham, sabuwar yarinyar da suka taso daga Gusau zuwa Mando wata uku da suka wuce, wadda ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu a mitin ba. Har na tausaya wa Umaima. Shekara goma sha tara muna tare, tun aji ɗaya a makarantar kwana, gadonta a sama nawa a ƙasa, kuma ni na kawo ta aikin nan. Na san ba ta iya jan hira da baƙo ba. Za su yi ta sannu da ya gida har minti biyar, su kashe.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe 4:15 na yamma

Tunda ni ce mai gwangwani, ni ke ganin jadawalin kiran, wa ya kira wa, minti nawa suka yi.

Ni da Nazifi, minti goma sha shida. Yanzu na san tattabara ƙwai biyu take sakawa, ko ban so ba. Audi da Aminu, minti tara, Allah ya saka musu da alheri.

Umaima da Ilham, awa ɗaya da minti goma sha biyu.

Na goge gilashina na sake dubawa. Wataƙila sun manta ba su kashe ba ne.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe 1:05 na rana

Ba mantawa suka yi ba.

Ilham ta rubuta a guruf, a gaban kowa, “Anti Umaima, yaya labarin kazar nan?” da fuskar dariya har uku. Umaima ta amsa, “Ƙanwata, rufa min asiri.”

Wace kaza? Umaima ba ta da kaza. Tsoronsu ma take ji, ni ce shaida, a gabana zakaran shugabar ɗakin kwananmu ya kore ta har bayan kicin. Na jira wata a cikinsu ta yi bayani, ba wadda ta yi. Na tura fuskar dariya guda ɗaya don kada a ce.

Ƙanwata, wai. Jiya jiya.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe 5:50 na yamma

Umaima ta kira sau uku a jere. Hannuna da kumfa, ina wanke-wanke.

Alhamis, ƙarfe 8:10 na dare

Na rubuta mata, “Na ga kiranki, lafiya? Ko Ilham ba ta kusa ne?” Na sa fuskar dariya, ai wasa ne. Sai bayan Magariba ta amsa. Kalma ɗaya, “Lafiya.”

To, madalla.

Juma'a, 20 ga Yuni, ƙarfe 10:50 na safe

Oga ya yabe ni a mitin. Ya ce gwangwanin Malama Zulaiha ya yi abin da takardar umarni ba ta yi ba, a dubi Umaima da Ilham. Umaima ba ta kunna kyamara ba, ta dai ce na gode.

Da safe na ba maigidana Hamza labari yana ɗaure takalmi zai tafi ma'aikata. Ya ce, “Maman Rashida, ba ke kika haɗa su ba? Tsuntsun da ya ja ruwa fa.” Na ce ni ban ce komai ba. Ya ce, “Ai shi ya sa tun jiya kike ta faɗin ba ki ce komai ba.” Wani lokaci mutumin nan sai in rasa dalilin da ya sa nake soya masa ƙwai.

Lahadi, 22 ga Yuni, ƙarfe 3:20 na yamma

Na sake yanka takardun gwangwani. Tsofaffin sun yamutse.

Shida na ninke su gida huɗu, kamar yadda aka saba. Ɗaya na naɗe ta kusurwa uku, ɗaya kuma na murɗa ta siririya. Ba wani abu ba ne, hannuna ne ya yi haka. Ko ido a rufe yatsa zai bambance su, amma ta kyamara ba a ganin cikin gwangwani. Tawa takardar kuwa na san inda na ajiye ta, a tafin hannu.

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe 11:10 na safe

Ikon Allah, na fito da Umaima.

Ilham ta fito da Aminu. Ta ce, “To, Anti Zulaiha, a kula min da yayata.” A kula MATA. Na ce in sha Allahu.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe 2:30 na rana

Minti goma sha huɗu. Ko cika sha biyar ɗin ba mu yi ba.

Ba ta kunna kyamara ba, ta ce sabis ne. Na san ƙarar ɗakinta kamar nawa, fankar nan mai kuka da rediyon Hajiya Zuwaira, mahaifiyarta, da ba ya mutuwa. Yau ban ji ko ɗaya ba. Sai muryoyin mutane can nesa da ƙarar wani abu mai taya ana turawa. Na ce a raina, an fita yawo ke nan, ba a gayyace mu ba.

Muka gaisa. Ya gida, lafiya. Ya Hajiya, lafiya. Na ba ta labarin telana da ya lalata min atamfa, da sabon labulen falo, da yadda Rashida ta ci gasar karatu a makarantarsu. Tana ta cewa ma sha Allah. Can ta ce, “Zulai, akwai maganar da nake so in gaya miki.”

Na ce, “Kai, har ta zo kaina? Na ɗauka an gama rabawa a Mando.”

Wallahi da dariya na faɗa. Ta ce, “Bar shi kawai. Ana kirana.” Ta kashe.

Awa ɗaya da minti goma sha biyu ga Ilham, minti goma sha huɗu gare ni. Kishi nake yi, ga shi na rubuta. Ni na san ranar da aurenta ya mutu, ni na ɗauko mata akwatunanta na kai gidansu a Abakpa. Ina Ilham take a ranar? Tana firamare.

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe 9:00 na safe

Ba ta kira ba. Ni ma ba zan kira ba.

Asabar, 28 ga Yuni, ƙarfe 5:35 na yamma

Da ma ban buɗe hotunan da mutane ke ɗorawa ba.

Ilham ta sa hoto tana cikin napep, ruwan sama na zuba, ta rubuta, “Abakpa, ruwa ya tare mu.” A cinyarta akwai filas shuɗi mai murfin ƙarfe. Ni na sayi filas ɗin nan a kasuwar Kawo, ni na kai wa Hajiya da hannuna, ta ce Zulaiha 'yar albarka, ta sa aka dafa min dambu har na ƙi cin abincin dare a gidana. Ga lotsawar da ya yi a gefe ranar da Rashida ta yar da shi.

Ashe har gida ake zuwa. Har an kai matsayin a ɗauki filas a fita da shi.

Hamza ya leƙo ya ce, “Ke yaushe rabonki da Abakpa?” Na ce ba a daɗe ba. Ya ce, “Da babbar Sallah saƙon murya kika tura, ina zaune. Da ƙaramar Sallah ma haka.” Na ce aiki ne ya yi yawa, kuma ai kullum muna tare a kwamfuta. Ya ɗauki rediyonsa ya koma tsakar gida.

Na lissafa bayan ya fita. Tun sunan ɗan yayanta ne, bara da kaka.

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe 11:15 na safe

Na sake fitowa da Umaima. Ilham kuma da Audi, mutumin da in ka ce masa ina kwana sai ya yi tunani kafin ya amsa. Su ƙarata.

Nazifi ya ce, “Kai, Anti Zulaiha, gwangwanin nan naki yana da uwa a gindin murhu.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, na ce rabo ne, in an isa a hana. Har na sake girgiza shi kusa da kyamara don su ji ƙara. Umaima ba ta yi dariya ba, ko kuma ta yi ban ji ba, tunda yanzu sunanta kawai muke gani a baƙin allo.

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe 2:20 na rana

Na zauna da shayina ina jira. Ta turo, “Yi haƙuri, wani uzuri ya taso.” Shayin ya huce na zubar.

Laraba, 2 ga Yuli, ƙarfe 12:40 na rana

Na ga wani abu a jadawalin aiki. Kiran manoman da ke zuwa layin Umaima da safe, daga takwas zuwa sha biyu, ta layin Ilham ake amsa su. Ba yau kaɗai ba, na koma baya na duba, tun ranar Juma'a ashirin ga Yuni. Ilham na yin nata tana yin na Umaima.

To ina Umaima take zuwa da safe? Kuma in taimako take so, ni na mutu ne? Sau nawa na rufa mata a tsohon ofis, sau nawa ta rufa min? Yanzu an sami sabon hannu, tsohon zani ya koma na goge ƙafa.

Ba zan ce komai ba. Ba ruwana.

Alhamis, 3 ga Yuli, ƙarfe 11:55 na safe

Na dai yi tambaya ne. Mitin ne, wurin tambaya ne.

Da Oga ya ce akwai mai ƙarin bayani, na ce, “Malam, na lura kiran safe na layin Umaima ta wajen Ilham yake fita kwana goma sha uku ke nan. Na ce ko kuskuren na'ura ne, kada a zo lissafin aiki a ruɗe.” Da muryata ta ofis na faɗa, mai sanyi.

Nazifi ya sunkuyar da kai. Ilham ta buɗe baki ta rufe.

Oga ya cire gilashi ya ce, “Da izinina ne. Ai Hajiyarsu ce a asibiti, ɓarin jikinta ya shanye tun ranar Alhamis, mako biyu ke nan. Umaima ce ta ce kada a sa a guruf.” Ya ɗan tsaya. “Malama Zulaiha, wallahi na ɗauka ke kika fara sani.”

Baƙin allon nan mai sunan Umaima yana nan. Su Aminu suka shiga Allah ya ba ta lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Ni ma na ce wani abu, ban san me na ce ba.

Ranar Alhamis, mako biyu ke nan. Na juya shafi na duba da kaina, sha tara ga Yuni.

Juma'a, 4 ga Yuli, ƙarfe 8:10 na safe

Ranar nan ba kumfa a hannuna. Wayar tana kan cinyata ina kallon sunanta har ta katse, sau uku.

Asabar, 5 ga Yuli, ƙarfe 4:00 na yamma

Ta ce min lafiya, shi nake ta riƙewa tun shekaranjiya. Amma wa nake yaudara? Bahaushe ko gidansa na ci da wuta sai ya ce lafiya lau tukuna. Labarin yana bayan gaisuwa ta biyu da ta uku, sai wanda ya zauna ya sake tambaya yake samu. Ni da bakina nake koya wa sababbin ma'aikata haka, in manomi ya ce lafiya kada ku kashe, ku ce to ya gonar. Na iya wa manomin Soba, ban yi wa Umaima ba.

Na rubuta mata saƙo sau shida na goge. Na ɗaya ya yi tsawo. Na biyu da na karanta sai na ga rabinsa laifinta nake nema, me ya sa ba ki sake kira ba, me ya sa Ilham. Har yanzu, Allah na gani, har yanzu in na tuna yarinyar nan ce ta riƙe filas ɗin, ita ta san lambar gadon, ita ta san maganin safe da na yamma, sai zuciyata ta yi baƙi. Hajiya na kwance ni kuma ina kishin wadda ta kai mata ruwan zafi. Ban san ni irin wannan mutum ce ba.

Hamza ya ce, “Ajiye wayar nan. Abakpa ba Makka ba ce, ba a neman biza. Tashi in kai ki.” Na ce kaina na ciwo. Ya ce, “Zumunta a ƙafa take, Maman Rashida.” Na ce na sani. Na ce gobe.

Lahadi, 6 ga Yuli, ƙarfe 6:05 na yamma

An wuni ana ruwa.

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe 11:20 na safe

Yau na haɗa su. Na laluba na zaro mai kusurwa uku, na zaro siririya, na karanta da fara'a, Umaima da Ilham. Na ce a raina wannan ce kyautata, in ta gani za ta gane na sauko.

Nazifi ma bai yi tsokana ba.

Litinin, ƙarfe 1:45 na rana

Saƙonta ya shigo. Zan kwafe shi yadda yake.

“Zulai, ki daina naɗe takardata kusurwa uku. Ina ganinta a hannunki kafin ki warware. Haka kike naɗe wasiƙar da kike jefo min gadon sama tun muna aji ɗaya, ko cikin duhu na san ta. Ba sai kin ba ni Ilham ba, ba kuma sai kin hana ni ita ba. An sallamo mu ranar Asabar, muna gida.”

Na karanta ya fi sau goma. Ba zagi, ba ko alamar tambaya. Da ma ta zage ni.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe 5:10 na yamma

Na dafa dambu da zogale na zuba a kula. Na sa hijabi. Na kai bakin titi, napep biyu suka tsaya, na ce su wuce. Su Rashida sun ci dambun da yamma, sun ce ya yi daɗi.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe 6:30 na yamma

Na je.

Minti goma sha takwas daga ƙofar gidana zuwa tasu, na duba agogo. Bai fi hirata da Nazifi a kan tattabaru da komai ba.

Ilham ce ta amsa sallamata. Ban taɓa ganinta a tsaye ba. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, zaninta ya jiƙe da ruwan wanki, ga ciki ya fara fitowa. Duk makonnin nan na gina ta a raina doguwa mai iyayi. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Anti Zulaiha, sannu da zuwa, ya hanya?” Ta karɓi kular hannuna. Ta san inda ake ajiye kula a gidan, ta san ƙofar kicin sai an ɗaga ta kafin ta buɗu. Da ni kaɗai na san wannan.

Umaima ta fito daga ɗakin Hajiya. Ta rame, idanunta sun faɗa. Muka gaisa kamar surukai. Ya mai jiki, da sauƙi. Na buɗe baki zan fara abin da na haddace a napep, ta ce, “Bari tukuna. Kafin ki shiga akwai abin da ya kamata ki sani.” Ta kalli Ilham, Ilham ta kalli ƙasa. Sai Hajiya ta yi kira daga ciki, ba ta samu ta faɗa ba.

Muryar ta yi nauyi, harshen na ja, amma na ji sarai. “Zulaiha. Zulaiha.”

Wani daɗi ya kama ni har hawaye suka zo min. Na ture labule na shiga na durƙusa gaban gadon, na ce Hajiya ga ni. Ta kwanta a jingine da filo biyu, bakinta ya karkace gefe ɗaya, hannun hagu a ajiye kamar ba nata ba. Ta dube ni da kyau. Sannan ta ɗaga ido ta bayan kaina, fuskarta ta saki, ta miƙa hannun dama.

Ilham ta zo ta kama. Hajiya ta ce, “Zulaiha 'yar albarka, kin gama wankin? Kullum kina hanya, Allah ya ba ki masu yi miki.” Ilham ta ce, “Amin, Hajiya.” A hankali ta faɗa, ba ta kalle ni ba.

Hajiya ta nuna ni da haɓa. “Wace ce baƙuwar?”

Fankar nan na ta kukanta. Can Umaima ta ce, “Ƙawarta ce, Hajiya. Tare suke aiki.”

“Ayya, sannu 'yar nan. Ƙawar Zulaiha ai 'ya ce. A kawo mata ruwa.”

A tsakar gida, bakin igiyar shanya, Umaima ta gaya min. Ciwon ya taɓa mata tunani, tana gane wasu tana rikita wasu. Ranar da ta farfaɗo a asibiti, sunana ta fara tambaya bayan na 'ya'yanta, ina Zulaiha, ba ta zo ba? Ana haka Ilham ta shigo da filas shuɗi. Hajiya ta ga filas ta ce, yauwa, na san ba za ta ƙi zuwa ba.

Na ce, “Kuma ba ku gyara mata ba?”

Ta ce, “Ilham ta so ta gyara, ni na hana. Me zan ce mata, Zulai? In ce ba ke ba ce, sai ta ce to ina kike. Sai in ce me?” Ta ci gaba da matse zanin da ke hannunta. “Na gwammace ta ɗauka kin zo.”

Na ce ki yafe min. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, irin yadda ake faɗa wa kowa. Ta miƙo min bakin zanin na kama muka matse tare. Ba ta dai ce in tafi ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe 7:15 na safe

Na roƙi Oga ya mayar da kiran safe na layin Umaima kaina, Ilham ta huta. Ya ce to, bai tambaye ni komai ba.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe 6:20 na yamma

Jiya na aika wa Nazifi gwangwanin ta hannun Hamza. Na ce ya yanka sababbin takardu da kansa, duk girma ɗaya. A mitin na faɗi dalili, gajere, kyamarata a kunne. Audi ne ma ya ce, “Ai ya wuce,” kalma uku a jere, abin tarihi. Yau na fito da Aminu, Umaima ta fito da Oga, Allah ya ba ta haƙuri.

Kwana biyar ke nan ina zuwa Abakpa bayan La'asar. Na koyi juya Hajiya ba tare da na ja kafaɗar ba, Ilham ce ta koya min. Ta gaya min zancen kazar ma, ban tambaya ba, wata kazar maƙwabta ce da ta shiga ɗakin Umaima ana tsakiyar hirarsu ta farko, Umaima ta haye kan tebur. Na yi dariya, amma dariyar da ta kwana ba ta da daɗi.

Kishin bai tafi ba, ƙarya zan yi in na ce ya tafi. Duk sanda Hajiya ta kira sunana wata ta amsa, sai na ji shi ya motsa. Likita ya ce tunanin zai iya dawowa, zai iya kuma tsayawa haka. Ban san wanne nake roƙo ba. In ya dawo za ta gane ni, za ta kuma gane wadda ba ta zo ba.

Umaima ta fara ce min Zulai ba tare da ta ɗauke kai ba. Jiya har ta ce gishirin dambuna ya yi yawa, na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Ɗazu da zan tafi, Ilham tana kicin, Hajiya ta riƙe min hijabi ta ce, “Ƙawar Zulaiha, ke ma kina da kirki. Ki riƙe ta da kyau kin ji, irinta ba su da yawa. Ko ciwon kai na yi sai ta taso tun daga Malali.”

Na ce, “Na ji, Hajiya.”

Ta ce, “Gobe za ki dawo?”

Na ce zan dawo.